Kiran Baffa Arzika Zuwa Kurfey

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a ƙofar masallaci, har wurin mai nama, kowa sai ya tare ni: "Malam Sanusi, yaya Nijar? An naɗa ka ne?" Wasu har sun fara ce mini ranka ya daɗe cikin zolaya. Na gaji da ba da labarin gutsuttsure, wannan ya ji kai, wancan ya ji ƙafa, shi ya sa na zauna in faɗe shi gaba ɗaya, in ya so kowa ya ƙyale ni.

Ga wanda bai sani ba, mahaifina mutumin Kurfey ne, can ƙasar Filinge. Yana saurayi ya baro ƙauyensu, Tungar Gawo, a wata shekarar yunwa, ya zauna Sakkwato har Allah ya karɓi abinsa. A nan aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aikin koyarwa har na kai mataimakin shugaban makaranta. Ƙauyen kuwa ban taɓa taka shi ba. Ƙanen mahaifina, Baffa Arzika, shi ne maigari. Da bazarar bana ɗansa Isaka ya kira ni a waya ya ce tsoho ya makance, ƙarfi ya ƙare, yana so ya gan ni kafin dattawa su zauna maganar wanda zai gaje shi. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, wanda ya riƙe makaranta mai ɗaruruwan yara, ƙauye guda zai gagare shi?

Wahala ta fara tun daga iyaka. Mun wuce Illela lafiya, da muka isa ɓangaren Ƙonni wani jami'i ya karɓi takarduna ya yi mini magana da Faransanci. Da ya ga na yi zuru, sai ya juya Hausa.

"Ina za ka?"

Na ce, "Gida."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Takardarka ta ce gidanka na bayanka. Ina katin rigakafi?"

Katin yana Sakkwato cikin aljihun wata riga. Maimakon in ba da haƙuri, sai na kama yi masa bayanin ko ni wane ne da irin muƙamina. Benci kawai ya nuna mini. Na zauna ina kallon waɗanda muka zo tare suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe wata ma'aikaciyar lafiya ta soka mini allurar nan take, na tashi da hannu mai tsami da zuciya mai tafasa.

A cikin babbar motar da ta ɗauke mu zuwa Yamai na sami kujera kusa da wata Bazabarma mai jiki, Hajiya Hamsatu, 'yar kasuwa ce mai sayar da atamfa, garinsu Bonkuku. Da ta ji aikina sai ta ce, "Ashe mushe ne!" Na juyo a fusace, don a wurinmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Wani dattijo a bayanmu ya yi dariya har da tari, sannan ya fahimtar da ni cewa haka suke kiran malamin boko, kalmar Faransanci ce. Daga nan har na bar ƙasar, sunana Mushe.

Hanyar doguwa ce, ga shingaye. Ko'ina aka tsaya sai kowa ya sauka da katinsa a hannu, a taka a ƙasa a wuce shingen, sannan a sake hawa. Abin da ya ba ni mamaki, ba mai gunaguni. A wurinmu da tuni mota ta ɗauki hayaniya, kowa yana zagin gwamnati da direba. Su kuwa sai su bi layi shiru, su dawo su ci gaba da hirarsu daga inda suka tsaya. Ni kaɗai nake tsaki. A Dosso Hajiya ta kwance wata roba ta miƙo mini. Kopto suke ce masa, zogale ne da ƙuli da albasa, ɗan'uwan kwaɗonmu, sai dai yajinsu ba ya wasa. Na ce na ƙoshi. Ban ƙoshi ba, girman kai ne kawai ya hana ni cin abinci a mota.

A Yamai a farfajiyar kamfanin motar muka kwana, bisa tabarmi, ƙarƙashin rumfar kwano da ta sha rana tun safe. Sauro ya yi yadda ya so da ni. Da asuba na sami mai shayi, ya ba ni burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawo mai tauri, na ɗan gutsura na bar sauran. Daga nan Hajiya ta ja ni zuwa tashar motocin Filinge, don ni da kaina da ban gano ta ba.

Ƙaramar motar da muka shiga an yi mata lodi har ta durƙusa: buhunan shinkafa, katifu, da rago ɗaure a sama wanda fitsarinsa ya riƙa gangarowa ta tagar da nake zaune. Bayan mun wuce Baleyara taya ta fashe. Muka fito muka fake a gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki. Na sami direba na wanke shi tas a kan ɗaukar kaya fiye da kima. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Gaskiyarka, Mushe," ya ci gaba da kwance tayarsa. Da na dawo Hajiya ta matsa mini a kan zanenta.

Ta ce, "Mushe, tun Ƙonni ban ga haƙoranka ba. Ba ka ci, ba ka barci, kowa ka gani mai laifi ne. Ina za ka da wannan fuska?"

Na ce mata sarauta ake kirana. Ta ɗaure bakin jakarta, ta ce, "To, Allah shi kyauta." A Bonkuku ta sauka, ta tura mini sauran kopton ta taga. Wannan karon na cinye shi har da lashe roba.

Ranar kasuwa muka shiga Filinge. Ga jajayen shanu, ga raƙuman Buzaye, ga buhunan gero jibge, Hausa da Zabarmanci suna cuɗanya a kunne. Hausarsu kusan tamu ce ta Sakkwato, sai dai kana cikin jin daɗinta za a jefo maka kalmar da ba ka taɓa ji ba. Isaka ya gane ni kafin in gane shi, wai tafiyata irin ta gidansu ce. Siriri ne, mai sanyin murya, manomi. Ya ce saboda halin tsaro an hana hawa babur a yankin, don haka da amalanken jaki ya zo. Haka na shiga garin kakannina, zaune bisa buhun gishiri, babbar rigata ta yi jirwaye da zufa.

Baffa yana zaune a zaure bisa buzu. Ya sa na durƙusa gabansa, ya shafa fuskata da tafukansa tun daga goshi har haɓa.

"Hancin wana ne," in ji shi. "Goshin ma nashi ne, har da tamƙewar. Sannu da tahiya, ɗana."

Matar Isaka, Rabi, ita ta riƙa ɗawainiya da ni, da jaririnta goye. Tuwon gero da miyar kuka da yamma, fura mai nono da rana. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa. Mutum zai tambaye ka gida, da gajiya, da zafi, ya yi shiru kamar ya gama, can sai ya sake ɗaukowa daga farko. Ni da na saba da "lafiya lau" in wuce, sai na riƙa jin ana ɓata mini lokaci.

Baffa bai yi mini maganar sarauta ba. Cewa ya yi in riƙa zama kusa da shi in an kawo ƙara. Na zauna, kuma na ƙosa. Maganar da za a gama kafin shayi ya huce, sai a wuni ana yi. Baffa ya bar kowa ya zuba, ya tambayi lafiyar uwar wannan, ya tuna wa wancan wani biki da aka yi tun ba a haife ni ba, a ƙarshe ya ce a dawo gobe. Da yamma in mutane sun taru sai in kawo musu shawarwarina: a nemi famfo, a gyara makaranta, a kafa kwamiti. Su ce madalla, su koma maganar ko ruwa zai sauka da wuri.

Wata safiya wata gwauruwa mai suna Gwamma ta kawo ƙara. Ta ce maƙwabcin gonarta, tsoho Nomau, ya shigo mata iyaka wajen sharar gona. Nomau babba ne a garin, kusan rabin unguwar yamma 'ya'yansa ne da jikokinsa, kuma shi ne mahaifin Rabi. Ya rantse bai wuce inda ubansa ya nuna masa ba. Baffa ya juyo wajena.

"Sanusi, ni ba ni da ido. Bi su ka gano mini, ka komo ka hwaɗa mini abin da ka gani."

Muka tafi da rana ta fara zafi, mutane da yawa suka biyo mu. A daren da ya gabata ban yi barcin kirki ba, maganin hawan jinina ma ban sha ba. Da muka isa, abin a fili yake. Iyakar gamba ce aka shuka a jere, an tumɓuke ta, amma ga tushiyoyin nan a ƙasa, sharar Nomau ta wuce su sosai. Na tona ɗaya da ƙafa na ɗaga sama kowa ya gani. Nomau ya fara cewa ai wannan tsohuwar gamba ce da ta fito da kanta. Ban bari ya ƙarasa ba.

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah! Da furfurarka kake ƙarya don ka ci gonar marainiyar Allah? A mayar da iyaka yanzu, ina tsaye!"

 Nomau ya dube ni, ya dubi jikokinsa da ke tsaye da fartanya, ya saɓa sandarsa ya juya. Mutanen unguwarsa suka bi shi. Na dawo gida ina jin na yi abin da aka daɗe ba a yi ba a garin.

Kafin azahar aka aiko daga gidan Nomau wai Rabi ta je, mahaifinta na nemanta. Ta ɗauki jaririnta da ƙullin kayanta ta fita tana share hawaye, tukunya na bisa murhu. Washegari ranar gayyar yashe rijiyar gari ce, wadda ake so a gama kafin damina, ba namiji ko ɗaya da ya fito daga unguwar yamma. Wadda na yi dominta ma ba ta gode mini ba. Gwamma ta zo har ƙofar zaure ta tsaya.

"Mushe, mi na yi maka? Ni ɗan gefen gonata nika biɗa, ba gaba ba. Ɗiyan Nomau ka yi mini huɗa duk shekara da shanunsu. Bana wa za ya yi mini? Kai?"

Ranar da Rabi ta tafi kuwa, Isaka ne ya shiga madafa. Ya ƙarasa tuwon da matarsa ta bari, ya kawo mini da hannunsa. Kunya ta hana ni ci.

Bayan la'asar Baffa ya sa aka watse, muka rage mu biyu. Na fara kare kaina, na ce ai gaskiya na faɗa.

"Gaskiya ce," in ji shi. "Tun Gwamma ba ta rufe baki ba na san Nomau ya shiga. Kwazazzabo ya cinye mishi gindin gona bara, ga bakuna da yawa. Niyyata in kama hannunshi da sassafe mu tai mu biyu, in ce ya nuna mini iyaka da ƙafarshi, shi da kanshi za ya ce ya yi kuskure. Kai gani na aike ka, ban aike ka hukunci ba." Ya ɗan gyara zama. "Ba wannan nika son tambaya ba. Lokacin da kaka yi mishi tsawa, mi ka cikinka?"

Na ce ban gane ba.

"Ka ci abinci rannan da sahe? Ka yi kwana? Da wa kaka hushi kafin ka iso gonar?"

Na buɗe baki in ce ba na fushi da kowa, sai na tuna. Tun daga bencin Ƙonni nake ɗauke da abu a ƙirji ina neman inda zan sauke shi. Kuma da na ga taron nan a gona, so na yi su ga irin shugaban da Allah ya kawo musu. Gwamma ko tunawa da ita ban yi ba. Na faɗa wa Baffa haka, da ƙyar, kaina a sunkuye.

Ya ce, "To, ka ga abin da ni sai da idona ya tahi na fara gani. An ba ni garin ga ina ji da ƙarfi. Na raba mutane da yawa da junansu ina cewa adalci nika yi, ashe wani lokaci yunwa ce, wani lokaci an ɓata mini rai cikin gida ne na hito da shi waje. Sai da na daina ganin huskokin mutane na koma jin kaina. Yanzu in na ji abin ya taso, sai in ce a komo gobe. Kuna cewa tsuhwa ce." Ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Na gaji, Sanusi. Ina son in aje kayan ga. Isaka na da sanyi, amma ba ya iya ce ma kowa a'a, za su cinye shi ɗanye. Kai kuma ga ka. Can gidanka, akwai mai iya ce maka ka yi kuskure?"

Na ce akwai mana. Ya ce wa? Na yi ta lalube a raina ban sami suna ba.

Da safe na tafi gidan Nomau ni kaɗai. Na yi sallama, aka ce yana zuwa. Na zauna a ƙasa a ƙofar zaurensa har inuwa ta janye ta bar ni a rana, mata masu zuwa rijiya suna wucewa suna kallona. Sau biyu zuciyata ta ce in tashi. Na lura da ita tana tasowa, kamar yadda Baffa ya ce, na zauna. Da ya fito na cire hulata na ce na yi rashin kunya, ya yafe mini.

 Nomau ya ce, "Na shiga gonar. Na sani, ka sani. Amma gaban jikokina? Ubanka bai taɓa ɗaga mini murya ba, tare munka yi kiwo." Ya share fuska da hannun riga. "Iyaka za ta koma, in Arzika ya zo. Ba don kai ba. Tashi, rana na dukanka."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ya bar mutanensa suka fito aikin rijiya, amma har na baro garin Rabi ba ta koma ɗakinta ba. Sai bayan na dawo Isaka ya kira ya ce ta komo, bayan ya yi ta sintiri gidan surukinsa safe da yamma.

Ranar da zan taho na ce wa Baffa kada ya kai sunana gaban dattawa. Bai yi musu ba. Ya ce gonar mahaifina tana nan, in na ajiye aiki in zo in yi damina guda ina noma ta, ba rawani ba kujera, in ci abin da suke ci, in ji yadda bayana zai yi. Bayan nan, in yana da rai, sai mu sake magana. Ban yi masa alkawari ba, shi ma bai nema ba.

Dawowar ba abin faɗi a cikinta. Shingayen nan dai, zafin nan dai. Na bi layi, na ci abin da na samu, na yi barci a mota baki buɗe.

Na iso gida gab da magariba. Tun daga waje nake jin gidan ya cika da dariya, yara suna ta shewa, uwarsu Hajara tana ba da wani labari da ƙarfi. Na tsaya a soro na ɗan saurara, don ban san tana da irin wannan muryar ba. Da na yi sallama, sai kamar an ɗauke wuta. Aka kashe rediyo. Kowa ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje, wannan ya ɗauki jakata, wancan ya shige ɗaki, kafin in cire takalmi tsakar gida ta zama wayam. Shekara da shekaru haka ake yi, ni kuwa ina kiransa tarbiyya, har ina yi wa abokai alfahari da shi.

Ban wuce ɗakina ba. Na zauna a tabarmar da suka tashi daga kai, da ɗumin jikinsu a kanta. Hajara ta kawo mini ruwa za ta juya, na ce ta zauna. Ta zauna a bakin tabarma tana dubana kamar baƙo.

Na ce, "Kullum haka kuke yi in na shigo?"

Ta ce, "Kullum."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta juya kofin da ke hannunta, ta dubi ƙofar ɗakin yara, sannan ta ce a hankali, "Malam, in faɗa wa wa?"